Farfaɗiyar da ba ta zuwa sai cikin barci

Ɗana na fari yana da shekara 10 lokacin da abin ya soma, cikin watan Afrilu, sa'ad da zafi yake korar mutanen Maraɗi daga ɗakuna, kowa ya shimfiɗa tabarmarsa a tsakar gida. Da yake ɗan fari ne, ko a gida ba na kiran sunansa, a nan ma ba zan kira ba. Ya kwanta bayan sallar isha'i lafiya lau, bai yi awa guda da yin barci ba sai muka ji gurnani. Ya tashi zaune zumbur, idanunsa a buɗe, hannunsa na dama ya sandare a sama, ƙafafunsa suna juyawa kamar mai tuƙa keke, yana kai hannun hagu ga maƙogwaro kamar wanda aka shaƙe. Kafin uwarsa ta laluɓo cocila abin ya wuce, ya dube mu ya ce numfashinsa ne ya tsaya, ya koma ya kwanta. A daren nan sau uku ya yi haka, da gari ya waye kuwa ya ɗauki jakarsa ya tafi lakwal kamar ba shi ba.

Mai ɗakina ta ce mugun mafarki ne, maƙwabta suka ce iska ce, mahaifiyata kuwa, da ta zo daga Tsibiri don ta duba shi, ta dubi yaron ta yi shiru. Ni malamin kimiyyar halittu ne a wata kwaleji, shekara da shekaru ina zana wa ɗalibai jijiyoyi a kan allo, amma ko sau ɗaya kalmar farfaɗiya ba ta zo mini a rai ba, domin farfaɗiyar da muka sani ita ce ta faɗuwa a kasuwa ko a bakin rijiya, da kumfa a baki, da cizon harshe, da doguwar suma. Shi kuwa ba ya faɗuwa, ba ya kumfa, sau da yawa ma yana jin abin da ake faɗa a kansa, da rana kuma garau yake. Muka yi abin da kowane gida yake yi, tofi da rubutun sha da hayaƙin da Inna ta zo da shi. Wani malami na unguwarmu ya yi masa ruƙiyya dare uku a jere, a na ukun ya ga abin da idonsa, sai ya ja ni gefe ya ce: "Malam, addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza, za mu ci gaba da yi, amma abin da yake zuwa iri ɗaya kullum, a lokaci ɗaya, ya kamata likita ya gan shi." Har yau ina ganin girmansa saboda wannan magana.

A ƙaramin asibitin unguwa majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya yi mana tambayoyin da suka dace da ƙasarmu: ko yaron ya taɓa yin sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro ya taɓa hau masa kai, ko ya taɓa faɗuwa ya bugu, ko haihuwarsa ta zo da gardama, ko muna zuba fiya-fiya a ɗakin da yake kwana. Duka amsar a'a ce, awon jini kuma bai nuna komai ba, aka sallame mu. Bayan wata biyu abin ya ƙaru har yana kai sau biyar a dare, muka je babban asibiti, inda wani matashin likita ya saurare ni har na gama, sannan ya ce bayanin baki ba zai ishe shi ba, in ɗauko masa hoton bidiyo da wayata, tun daga farkon abin har ƙarshensa, in kuma riƙa rubuta lokacin kowane tashi.

Wannan aiki ya fi yadda na zata wuya. Abin da bai cika minti guda ba, a cikin duhu, kafin ka buɗe waya ya ƙare, ga kuma zuciyar uba da take son ta rungumi ɗanta maimakon ta tsaya tana ɗaukar hoto. Muka raba dare ni da uwarsa, ita da cocila, ni da waya a buɗe a kan ƙirjina, sai da muka yi dare 11 kafin muka samu bidiyo uku masu kyau. Na sayi kaye irin na ƴan lakwal na riƙa rubuta rana, da lokacin kwanciya, da lokacin tashi, da daƙiƙun da abin ya ɗauka. Da likitan ya kalli bidiyon ɗaya bayan ɗaya, ya sake maimaita su, sai ya nuna mini abin da na kasa gani duk da ni na ɗauka: hannu ɗaya ne yake sandarewa kowane lokaci, ta gefe ɗaya kai yake juyawa, motsin kuma yana bin tsari guda kamar an haddace shi. Ya ce firgitar barci ta yara takan zo sau ɗaya a dare, ta daɗe mintoci, yaro kuma ba ya tuna komai. Wannan gajere ne, mai maimaituwa, yaron kuma yana tunawa. Ya rubuta mana takarda zuwa ga likitar ƙwaƙwalwa a Yamai.

Tafiyar ta fi kilomita 600, ta Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, yini guda cur a cikin mota. An ce mu hana yaron barci sosai a daren da za a yi awon, don ya yi barci a kan gadon awo. Aka manna masa wayoyi a fatar kai don auna wutar ƙwaƙwalwa, awon da ake kira EEG, aka kuma yi masa hoton kai. Sakamakon duka biyu ya fito ba tare da wata matsala ba, sai na ji sanyi a raina, na ɗauka an wanke shi daga farfaɗiya. Likitar ta girgiza kai ta ce kada in yi saurin murna: irin wannan farfaɗiya takan taso daga sashen gaba na ƙwaƙwalwa, bayan goshi, sau da yawa daga can cikin lungu inda wayoyin da ke kan fata ba sa jiyowa, don haka awo mai kyau ba ya kore ta, bidiyon da kayen sun fi na'urar faɗa mata gaskiya. Sannan ta tambaye ni ko akwai mai irin wannan a danginmu. Na ce babu. Ta ce: "Malam, ba kai za ka ba ni wannan amsa ba. Fita waje ka kira tsohuwar gidanku."

Na tsaya ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro a harabar asibitin na kira Inna. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce ni kaina na yi wannan abin tun ina shekara 9 har na kusa balaga, an kai ni wurin malamai, an ɓoye maganar don kada ta bi ni har lokacin neman aure. Ta ce Baffa, ƙanen mahaifina, ya yi nasa har ya girma, ana cewa dannau ne, kakana kuma an san shi da tashi cikin dare yana kokawa da abin da ba kowa yake gani ba. A tsaye a wurin nan na tuna wani abu da na ɗauka mafarki ne na ƙuruciya, wato farkawa da jin an toshe mini numfashi. Jikina ya yi sanyi, na koma na faɗa wa likitar, ita kuwa ba ta yi mamaki ba.

Ta juya bayan takardar magani ta zana ƙananan da'irori biyar sun kewaye wani rami, ta ce ga inda maganar take. Abin da ta bayyana mini a ranar, da abin da na bi na karanta bayan na dawo Maraɗi, shi ne wannan. Ƙwayoyin jijiya na ƙwaƙwalwa ba su manne da juna ba, akwai ɗan tsaiko tsakaninsu, kuma saƙo yana tsallake shi ne ta hanyar sinadarai. Ɗaya daga cikinsu shi ne asetilkolin. Idan ƙwayar jijiya ta sake shi, sai ya je ya sauka a kan makarɓa da ke jikin ƙwayar da ke gaba. Wani nau'in makarɓar ƙofa ce ta gaske, wadda aka gina da turaku biyar na furotin da suka tsaya a kewaye suka bar rami a tsakiya. Idan asetilkolin ya zauna a mazauninsa, ƙofar takan buɗe na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, sodiyam da kalshiyam su kwarara ciki, wutar ƙwayar ta tashi, sai kuma wani sinadari ya farfasa asetilkolin ɗin nan take, ƙofa ta rufe. Ana kiranta makarɓar nikotin saboda nikotin da ke cikin taba yana iya zama a wannan mazauni ya buɗe ƙofar, alhali ba domin shi aka yi ta ba. Baƙo ne da mabuɗinsa ya dace da kwaɗon gidan wani.

A nan malamin da ke cikina ya farka, domin tarihin wannan ƙofa shi ne kusan tarihin ilimin jijiya gaba ɗaya. A 1905 John Langley, a Jami'ar Kambirij ta Ingila, yana gwada nikotin da dafin kibiya na Kudancin Amurka a kan tsoka, ya ce lalle akwai wani abu a jikin tsokar da yake karɓar waɗannan sinadarai. A 1914 Henry Dale ya rarrabe ayyukan asetilkolin gida biyu, ɗaya mai kama da aikin nikotin, ɗaya mai kama da aikin gubar wani naman kaza, shi da Otto Loewi kuma suka karɓi kyautar Nobel a 1936. A 1970 Jean-Pierre Changeux, a Cibiyar Pasteur ta Paris, ya ware makarɓar kanta daga jikin wani kifi mai buga wuta kamar yadda minjirya take yi, ya yi amfani da dafin maciji wajen kamo ta, domin dafin yana manne mata ƙam. Ita ce makarɓa ta farko ta irin waɗannan sinadaran jijiya da aka taɓa warewa. Na sha koyar da cewa asetilkolin ne yake sa tsoka ta motsa, amma ban taɓa tsayawa na yi tunanin aikinsa a cikin ƙwaƙwalwa ba sai da ɗana ya tilasta mini.

A ƙwaƙwalwa turakun iri-iri ne, an ba su sunayen alfa da beta tare da lamba, kuma haɗin da ya fi yawa shi ne na alfa 4 da beta 2. Da yawa daga cikin waɗannan ƙofofi suna zaune ne a bakin jijiya, daidai inda ake sakin wasu sinadarai, don haka aikinsu ya fi kama da na mai riƙe da famfo: idan sun buɗe, sai a ƙara sakin gulutamet mai zuga ƙwayoyi, ko GABA mai kwantar da su, ko dofamin wanda shi ne yake ɗaure mashayi ga tabarsa. Suna da yawa a talamus, wata cibiya a tsakiyar ƙwaƙwalwa da take musayar saƙo da sashen gaba, kuma wannan hanya ce take riƙe da sauyin da ke tsakanin barci da farkawa. Asetilkolin yana yawa idan mutum yana farke da lokacin mafarki, yana raguwa a barcin da ba na mafarki ba. Amma ko a wannan barci mutum yakan yi ƴan gajerun farkawa da ba ya sanin ya yi, asetilkolin ya ɗan yunƙuro ya koma. Ga mai ƙofa lafiyayya, iyakar abin shi ne ya juya a kan tabarma ya ci gaba da barci.

Cutar da likitar ta ambata, wadda a da ake kira farfaɗiyar dare ta sashen gaba na ƙwaƙwalwa, an daɗe ana ɗaukarta matsalar barci ko ta tabin hankali, ba a ƙasarmu kaɗai ba. A 1994 Ingrid Scheffer da Samuel Berkovic na Melbon a Ostareliya, tare da abokan aikinsu, suka nuna cewa farfaɗiya ce da take bin jini, a 1995 kuma Ortrud Steinlein da su suka gano musabbabin a wani babban dangi na Ostareliya: kuskure ne a ƙwayar gado mai suna CHRNA4, wadda take gina turken alfa 4. Tubali ɗaya tak ya sauya cikin tubala sama da 600 da suka haɗa turken, amma ya faɗo daidai a bangon ramin da sodiyam yake bi. Wannan ita ce ƙwayar gado ta farko da aka tabbatar tana haddasa farfaɗiyar da ba rauni ko wata cuta ce ta kawo ta ba. A 2000 aka samu irin wannan kuskure a CHRNB2 mai gina beta 2, a 2006 kuma a CHRNA2. Bayan wani taron masana a Bolonya ta Italiya a 2014 aka sauya wa cutar suna, aka jingina ta ga barci maimakon dare, domin mai ita ko ƙailula ya yi da rana tana iya taso masa, abin da kayena ya riga ya nuna sau biyu.

Masu bincike sun riƙa sanya waɗannan gurɓatattun ƙofofi a cikin ƙwan wani kwaɗo na Afirka suna auna wutar da ke ratsa su, abin da suka fi gani kuwa shi ne ƙofar ta cika saurin amsawa, asetilkolin kaɗan ya isa ya buɗe ta. Ke nan ƴar yunƙurowar da ba ta tayar da kowa, a wurin ɗana tana iya zama kamar an buga ganga a tsakiyar dare. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne sakamakon gwajin da aka yi a kan ɓeraye masu ɗauke da wannan kuskure, inda aka ga cewa abin da ya ƙaru sosai shi ne sakin GABA, sinadarin da yake kwantarwa. Ta yaya ƙarin birki zai kawo gudu? Sai da na tuna ajina na fahimta. Ɗalibai 80 idan kowa yana hirarsa da maƙwabcinsa, surutu ne kawai mai bazuwa, ba ya zuwa ko'ina. Amma idan na buga tebur suka yi tsit gaba ɗaya, sannan na juya baya, sai su ɓarke a lokaci guda da murya ɗaya har a jiyo su daga ofishin darakta. Farfaɗiya ba yawan aikin ƙwayoyi ba ce kawai, haɗuwarsu ce a kan bugu ɗaya, kuma tsit ɗin da aka yi tare shi ne yake jera su a sahu. Da yake sashen gaba ne yake tsara motsin jiki, abin da ke fitowa shi ne tuƙa keke da sandarewar hannu da muka yi ta kallo.

Ba a yi wa ɗana awon ƙwayar gado ba. Likitar ta ce siffar abin da tarihin gida sun isa a kama magani, ta kuma gargaɗe ni cewa a cikin dangogin da ke da wannan cuta, ƙalilan ne ake samun kuskuren a makarɓar nikotin, wasu nasu yana wasu ƙwayoyin gado kamar KCNT1 da DEPDC5, don haka kada in rantse a kan abin da ba a auna ba. Game da gado ta ce idan uba ko uwa na ɗauke da shi, kowane ɗa yana da rabi da rabi na ɗauka, kuma cikin waɗanda suka ɗauka kimanin 7 cikin 10 ne abin yake bayyana a jikinsu, shi ya sa yakan tsallake wani ya faɗa kan ɗansa. Ƙwaƙwalwar yawancinsu lafiya take wajen karatu, abin kuma yakan yi sauƙi idan shekaru sun ja, kamar yadda ya yi mini.

Ta rubuta karbamazefin, wanda masu kantin magani suka fi sani da Tégrétol. Babban aikinsa shi ne rage saurin wasu ƙofofin sodiyam na jijiya, amma a 1999 masu bincike a Janeba sun nuna cewa yana toshe makarɓar nikotin ma, gurɓatacciyar kuma ta fi lafiyayyar jin sa. Kimanin kashi biyu cikin uku na masu wannan farfaɗiya suna samun sauƙi sosai da shi. An soma da kaɗan da dare, ana ƙarawa sannu a hankali, aka kuma ja mana kunne a kan abu biyu: idan ƙuraje suka feso a jikinsa, ko bakinsa ya yi gyambo, ko zazzaɓi ya zo tare da su, mu garzaya asibiti a ranar, kuma ko mun ga ya warke kada mu yanke maganin da kanmu. Makonni biyun farko yaron ya yi fama da jiri da gyangyaɗi a aji, har malaminsa ya aiko a tambaya, na je na yi masa bayani da kaina, na kuma roƙe shi ya gaya wa sauran yara cewa ba a ɗaukar wannan cuta ta yawu ko ta taɓawa. A mako na shida kayen ya soma nuna layuka babu komai, dare bayan dare. Na sauke shi daga gadon ƙarfe zuwa katifa a ƙasa, na kuma hana shi kwana kusa da murhu ko randa.

Sau ɗaya abin ya dawo da ƙarfi, a goman ƙarshe na azumi, lokacin da ya nace sai ya bi ni tahajjud dare uku, ga kuma maganin da ya ƙare a kantin da muke saye muka yi kwana biyu muna nema. Rashin barci da tsallake magani su ne manyan abokan wannan cuta. Tun daga nan nake ajiye na wata guda a gaba, idan azumi ya zo kuma, da shawarar likita, yana shan na safe da sahur, na dare bayan buɗa baki, ya kwanta da wuri.

Saura maganar taba, wadda ita ce ta fi tsaya mini a rai. Mu mutanen gulbi ne, kakannina sun noma taba a fadama, Baffa kuwa tun yana saurayi ba ya rabuwa da garin taba da kanwa a leɓensa. Da na je gaishe shi na tambaye shi zancen dannau ɗinsa, ya yi dariya ya ce: "Ɗana, ai tun da na kama taba ya rabu da ni, sai shekarar da na bari don tafiya Makka ya dawo." Da ban karanta ba da na ce zancen tsofaffi ne. Amma a 2003 likitoci a Ostareliya sun ba da rahoton wata mata mai kuskuren CHRNA4 wadda magani bai ishe ta ba, da aka manna mata filastar nikotin a fata sai tashin ya ragu ƙwarai, a 2006 kuma Eylert Brodtkorb da Fabienne Picard suka duba dangogi biyu a Norwe suka ga masu amfani da taba a cikinsu sun fi samun lafawar abin. Dalilin da ake bayarwa yana cikin halin ƙofar kanta: idan mabuɗi ya daɗe a cikinta ba a zare ba, takan gaji ta rufe ta ƙi amsawa. Asetilkolin ana farfasa shi nan take, nikotin kuwa sinadarin da ke farfasawar ba ya taɓa shi, yana yin sa'o'i a jini, don haka kaɗan-kaɗan da ba ya yankewa yana iya dusashe ƙofar da ta cika saurin buɗewa.

Da muka koma Yamai bayan wata shida na kawo wa likitar wannan magana, ina jin kaina kamar ɗalibin da ya gano abin da malami bai sani ba. Ta bar ni na gama, sannan ta ce ta san rahotannin, mutane ƙalilan ne aka gwada, waɗanda aka tabbatar da kuskuren a jininsu kuma magani ya gaza musu, da filasta mai awo a ƙarƙashin idon likita. Ta ce: "Malam, ɗanka magani yana yi masa aiki, me kake nema kuma? Ƙofar nan da ƙaramin nikotin yake rufewa, babban nikotin buɗe ta yake yi gaba ɗaya." Gaskiya ta faɗa, domin yaron da ya haɗiyi garin taba yakan yi amai da zufa da dalalar yawu, idan ya yi yawa har jijjiga. Haka kuma fiya-fiya da danginta na maganin ƙwari, da suke hana a farfasa asetilkolin har ya taru ya yi ambaliya a kan makarɓansa duka, suna iya jefa lafiyayyen mutum cikin jijjiga mai kisa; a ranar na gane dalilin tambayar da majo ya yi mana tun farko. Ta ƙara da cewa ƙwaƙwalwar yaro tana kan ginuwa, makarɓan nikotin suna cikin masu tsara ginin, taba kuma tana kashe mutum sama da miliyan 7 a duniya kowace shekara. Baffa ya rabu da dannau, amma haƙoransa sun zube, hawan jini kuma ya kama shi, wannan ni shaida ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kimanin miliyan 50 ne ke da farfaɗiya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici, kuma har 7 cikin 10 za su iya rabuwa da tashinta idan an gano ta an ba su magani. Irin ta gidanmu ba ta da yawa a cikin wannan adadi, sai dai ina zaton tana ɓuya fiye da sauran, tun da ba ta kayar da kowa a bainar jama'a, iyakarta tsakar gida da waɗanda suka iya rufa asiri. Gidanmu ya rufa nasa tsawon zuriya uku, ni da nake cikin jerin ma ban sani ba.

Yanzu yaron yana da shekara 13, yana aji na biyu a kwaleji, kuma wata 14 ke nan ban rubuta komai a kayen ba sai kwanan wata. Likitar ta ce sai ya yi aƙalla shekara biyu cur babu tashi kafin a soma zancen rage magani, shi ma a hankali. Ƙannensa biyu har yanzu barcinsu lafiya, ko da yake nakan tsaya a kansu wani dare in saurara. A watan jiya ƙanwata da ke aure a Tasawa ta kira ni tana kuka, ta ce ƴarta mai shekara 8 ta soma firgita cikin dare tana harba ƙafafu, surukarta kuma ta ce a kai ta gidan mai magani. Na ce mata ta bar wayarta a buɗe a kan ƙirjinta, ta sa mijinta ya riƙe cocila, ta sayi kaye, idan ta samu bidiyo uku ta shigo mota ta same ni a Maraɗi. Ta turo na farko shekaranjiya, hannun dama ne yake sandarewa.